Aska Takwas a Bayan Rigar Jins

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a bakin ƙofa ɗazu, cewa ɗinki ai taka keke ne kawai, wata uku ya isa mutum ya iya. Ban ji haushi ba, ni ma da irin wannan tunanin na shigo. Sunana Haladu, a nan Azare aka haife ni, kuma tun ban fara gemu ba nake cikin wannan sana'a. Ku gyara zama, aiki guda ɗaya zan ba ku labarinsa, amma sai na fara daga inda na koya.

Maigidana Alhaji Bukar ne, mutumin Barno da iyayensa suka zauna a garin nan. Shekarata ta farko a wurinsa ban hau keke ba. Guga da dutsen gawayi, kalmasa da hannu, sai farke ɗinki. Alhaji yana hulɗa da masu gwanjo. In sun fasa dila, duk wandon da ya yi wa mutanenmu girma sai su jibgo mana mu rage, kuma yawancinsu kayan Amurka ne. Sai ya miƙo mini wandon jins da reza ya ce, "Farke shi, kada ka taɓa yadin. In ka gama ka gaya mini abin da mai ɗinkin ya yi tunani."

A haka na gane cewa wandon nan ba don ado aka fara yin sa ba. Ɗinkin gefensa ninki biyu ne, an naɗe baki cikin baki. Kusurwar aljihu, inda yadi ke fara yagewa, an buga mata 'yar ƙusar tagulla. Alhaji ya ce duk wanda ya yi wannan, mai aikin ƙarfi ya yi wa. Da shekaru suka yi ta tafiya sai na ga kayan dilar suna canjawa. An yi zamanin mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke share ƙasa. An yi zamanin wanda mutum biyu za su shiga ciki. Aka dawo tsukakke, wanda sai an zauna ake cire shi. Duk abin da ya fito daga dila, bayan 'yan watanni sai samarin Azare su zo su ce shi za a yi musu. Nakan tambayi kaina waye a can yake yanke wannan shawara, amma babu wanda zan tambaya.

Da na buɗe shagona sai na haɗa kai da Ba Modu. Shi mai aikin hannu ne, wato adon da kuke gani a ƙirjin babbar riga. A Sakwa yake zaune, yana noma, ranar kasuwa ya shigo da jakarsa. Ni in yanka in haɗa riga, shi ya tafi da ita ya zauna a kanta da allura sati uku ko wata guda. Mun fi shekara ashirin a haka.

Sai mummunar shekara ta zo. Injinan kwamfuta suka shigo gari, masu zuba aikin wata guda kafin a kira la'asar. Man fetur ya tashi, abinci ya tashi, magidanci ya koma wanke tsohuwar rigarsa ya sa da Sallah. Mai ɗan hali kuma ya tafi wurin kwamfuta. A ƙaramar Sallar shekarar, lokacin da a da ba ma samun wurin ajiye ƙafa saboda yadi, ina zaune ina share ƙura a kan keke. Ba Modu ya zo kasuwa uku a jere ya koma da jaka babu komai. A ta ukun ya ce, "Malam Haladu, kada ka ga ban zo ba ka ce ko lafiya. Kuɗin motar ya fi amfani a gida." Ni kuma har na sa an zo an duba kekena na biyu, saura a ɗauka.

Farkon damina sai ga Hajiya Zainabu a shagon. 'Yar garin Katagum ce, ni nake yi wa mahaifinta ɗinki har ya rasu. Aikin jinya take yi a Amurka, ta zo ganin gida. Tare da ita akwai wata baƙuwa, baƙar fata kamar mu, doguwa, da gashi a tufke. Sai da ta buɗe baki na san ba 'yar ƙasar nan ba ce. Hajiya ta ce sunanta Anjila, maƙwabciyarta ce, kuma ita ma tela ce, tana da ɗan shago a can.

Tun kafin su zauna baƙuwar ta ɗauki wata riga da ke rataye, ta juya ta ciki waje, ta bi ɗinkin da babban yatsa. Da na ga haka na san lallai 'yar sana'a ce. Ta yi magana, Hajiya ta fassara: "Wai ya sunan wannan?"

Na ce, "Ɗan ciki. A ƙarƙashin babbar riga ake sa shi."

Ta sa na maimaita har sau biyu. Sannan ta ciro waya ta nuna mini wani tsohon hoto: saurayi da tulin gashi, sanye da riga mai faɗi da ado a wuya. Hajiya ta ce, "Mahaifinta ne. Wannan rigar a can dashiki suke ce mata. An ce sunan daga nan ya tafi, ya bi ta bakin Yarbawa. Ta ce lokacin da baƙaƙen fata ke neman 'yancinsu ya fara sa ta, don ya nuna ya san inda kakanninsa suka fito. Har wurin aiki an taɓa mayar da shi gida saboda ita."

Ranar na yi tambayar da na daɗe da ita, wato waye yake canja musu yayi. Anjila ta yi dariya. Abin da ta ce, yadda Hajiya ta juya mini shi, shi ne yawancin abin daga ƙasa yake tasowa. Jins kayan masu haƙar ma'adinai da 'yan gona ne, kakarta a cikinsa ta yi aikin auduga. Manyan wandunan nan da na sha ragewa, samarin unguwanninsu ne da mawaƙansu suka fito da su, ana yi musu kallon 'yan iska. Sai abu ya karɓu, manyan kamfanoni su ɗauka, su liƙa sunansu, su sayar wa duniya, har da su masu abin. Ita abin da take so, ta haɗa jins ɗin kakarta da adon rigar mahaifinta, kuma a san hannun da ya yi.

Ta zo da jaka biyu. A ciki akwai rigunan jins talatin, irin gajerun nan masu maɓalli da ake ɗorawa a sama, ita ta ɗinka su da kanta. Tana so a yi wa kowace aikin hannu a baya. Ita da Hajiya za su koma bayan sati, amma mijin Hajiya zai tafi ƙarshen damina, shi zai riƙe mata su, don akwai baje kolin telolinsu da ta kama wuri a ciki.

Sai ta nuna mini zanen da take so. Hoton wata tsohuwar riga ce da ta gani a gidan ajiye kayan tarihi. Na kara wayar kusa da idona. Gidaje ne murabba'i, kowane da rubutu a ciki. Hatimi ne, kewaye da ayoyi.

Na dubi jakunkunan nan biyu, na dubi keken da za a zo ɗauka. Na ce, "Hajiya, ki gaya mata wannan ba zan yi ba."

Hajiya ta ce, "Malam Haladu, tun a mota na gaya mata. Ta ce sai ta ji daga bakin mai aikin."

Na ce to ta ji. Wannan ba ado ba ne, Alƙur'ani ne. Rigar nan za a jefar da ita a ƙasa, a shiga bayan gida da ita, a wanke ta tare da safa. Ko da ni na yarda, babu mai allurar da zai yarda, kuma ranar da aka ji a gari na rufe shago ke nan. Anjila ta saurara har ƙarshe. Ta mayar da wayar, ta zuge jakunkunanta, suka yi sallama.

Kwana biyu ban ji daga gare su ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar shago sai na ɗaga kai. Maƙwabcina mai sayar da zare ya ce, "Da ka karɓa ka ɗan karkata haruffan, wa zai karanta a can?" Na juya na koma kan kekena. Mai sayen keke ya aiko, na ce ya ƙara mini kwana ɗaya.

A rana ta uku suka dawo da jakunkunan. Hajiya ta ce, "Ta ce ta yi fushi, don ta riga ta gina komai a kan wancan zanen. Amma ta ce su ma an sha ɗaukar abin da suke girmamawa a mayar da shi kayan kwalliya, ba za ta zo nan ta yi wa wasu haka ba. Ka nuna mata abin da kowa zai iya sawa." Na ciro wata babbar riga mai aska takwas na shimfiɗa a tebur. Ta daɗe tana bin tsinin askakin da yatsa. Ta ce shi ke nan.

Na aika wa Ba Modu ya zo. Ya juya rigar jins ɗin a hannu kamar an ba shi fatar da ba a jeme ba. Ya ce, "Aska takwas a ƙirji take zama, a rigar dattijo. Yanzu a gadon baya za a sa ta? Kuma har mata?"

Na ce, "Ba Modu, ado ne, ba aya ba. Ko kana da wani aikin a jakar?"

Ya sake juya rigar, sannan ya ce a ba shi ɗaya ya gwada.

To a nan ne ku masu cewa wata uku za ku saurara. Jins ba shadda ba ne. A yinin farko Ba Modu ya karya allura huɗu, yatsansa ya fashe. Alli ba ya zama a jikinsa, kafin ka kai rabin zane ya goge. Muka koma zana shi da ɓallin sabulu. Zaren yana tsinkewa in ya ratsa yadin, sai muka riƙa goga masa kakin zuma. Da ya gama ɓangare ɗaya na ce a jiƙa mu gani, don an ce mini su a inji suke wanki. Muna tsoma shi a ruwa shuɗin ya zuba, farin zaren ya koma kamar toka. Aikin kwana biyar ya tafi. Dole muka kwashe duka talatin muka wanke su da gishiri, muka shanya, muka sake wankewa, har sai da ruwan ya fita fari. Wannan kaɗai ya ci mana kwana goma, ga hadari kullum, shanya ba ta bushewa.

Da muka auna kwanakin da riga ɗaya ke ci, muka ga mutum ɗaya ba zai gama ba ko da zai bar barci. Ba Modu ya ce zai tafi da su Sakwa. Matarsa Ya Falmata ta iya allura, akwai kuma maƙwabta uku masu ɗinkin hula da hannunsu ya faɗa. Na zana duka talatin da hannuna, na ɗaure su a buhu, na sa a mota. Ina kallo motar ta sha kwana da kayan mutane, babu ko ɗaya da ya rage a wurina.

Wata biyu aiki yana tafiya. Duk Juma'a in kira Ba Modu ya gaya mini inda aka kai. Saura guda uku a gama sai ruwan nan ya sauko, wanda duk kun san shi. Kwana da kwanaki ana yi. Aka fara cewa kogi ya fasa ta wajen Zaki, yankin da Sakwa take, garuruwa sun cika. Na kira Ba Modu, waya a kashe. Na kira wani ɗan'uwansa, a kashe. Na je tasha, direbobi suka ce hanya ta yanke, babu mai zuwa. Ga mijin Hajiya ya aiko cewa saura kwana goma sha biyu ya tashi. Kwana huɗu ina zuwa tasha da safe ina tambayar duk wanda ya fito daga wannan yankin. Wani ya ce unguwar su Ba Modu ba ta nan. Wani ya ce an ga mutanenta a tudu.

A rana ta biyar na shiga motar da za ta kai inda kwalta ta ƙare. Daga nan muka hau kwalekwale, muna bi ta saman gonakin mutane, kan dawa yana gogar gefen jirgin. Na same su a wata makarantar firamare da ke kan tudu, iyali iyali a cikin azuzuwa. Ba Modu yana zaune a baranda, kusa da wani shuɗin duro na roba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam Haladu, ashirin da ɗaya lafiya lau. Tara sai ka gani da idonka."

Na ce, "Iyali fa?"

"Kowa ya fita."

"Gida?"

"Ɗaki biyu sun zauna."

"Gero?"

Ya ce, "Gero ya tafi."

Ya Falmata ce ta ba ni sauran labarin. Da ruwa ya fara shiga tsakar gida, duron nan ɗaya ne abin da ke da murfi. Ta ce a zuba hatsi. Shi kuma ya bi gidajen maƙwabta ya karɓo rigunan, ya danna su ciki, ya ɗaure duron a reshen tsamiya. Rumbun ya rushe suna kallo. Duron ya tsira, sai dai ashe gindinsa da 'yar tsaga, na ƙasa suka kwana biyu a cikin ruwa.

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan benci. Duk wankin da muka yi, jiƙon kwana biyu ya sake fito da shuɗi. Guda biyar zarensu ya rine, ya koma shuɗi mai haske tun daga sama har ƙasa. Guda huɗu laka ta shige su, har sun fara fumfuna. A barandar nan Ba Modu da matarsa suka ƙarasa ukun da suka rage cikin masu lafiya, ni ina saka musu zare, sannan na dawo da kayan Azare.

Shawara ba irin wadda ban samu ba. Wani ya ce in sa sinadarin cire tabo. Wani ya ce in farke taran in kai wa mai kwamfuta, kafin gobe ya cike, daga nesa ba mai ganewa. Na san matar da ta juya riga ciki waje kafin ta zauna za ta gane. Na je gidan su Hajiya, ƙaninta ya haɗa ni da Anjila a waya, muna ganin juna, Hajiya tana fassara daga can. Na ɗaga rigunan ɗaya ɗaya, ban ɓoye ko ɗaya ba.

Anjila ta fara tambayar mutanen da suka yi aikin, ko kowa yana raye. Sannan ta ce in matso da masu shuɗin zaren kusa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce huɗun masu laka ba za su yi ba, kuma hakan zai rage mata abin da ta yi alkawari. Amma biyar ɗin a aiko su yadda suke. Na ce wa Hajiya ko ba ta gani da kyau ba ne, aikin ya ɓaci. Hajiya ta ce, "Ta gani. A can har kuɗi ake ƙarawa a sayi wanda ya koɗe. Wai suna son kaya ya nuna ya sha duniya." Ni dai har yau ban gane wannan ba, amma na sa su a jaka.

Abu ɗaya ya rage. Anjila ta aiko da 'yan ƙyallaye da za a liƙa a wuyan kowace riga, da sunan mai aikin da sunan garinsa. Da na gaya wa Ba Modu sai ya ce, "A sa a ashirin da ɗaya. Biyar ɗin nan ba haka na yi su ba, ruwa ne ya yi. Kada a sa sunana." Na yi na yi, ya ƙi. Haka suka tafi, biyar babu suna.

Bayan sati shida Hajiya ta turo hotuna. Akwai wata dattijuwa mai furfura tana tsaye a bakin titi, ta juya baya, ga askakin Ba Modu takwas a tsakanin kafaɗunta. An sayar da duka. Abin da ya zo mana ya isa Ba Modu ya ta da ɗakunansa ya sayi abincin shekara, ni kuma kekena na biyu ga shi nan, wancan da kuke jingine da shi. Tun daga lokacin Anjila takan aiko da kaɗan kaɗan, goma, goma sha biyar, muna yi.

Watan jiya ta kira da wata magana. Wani babban kanti a can ya ga rigunan, yana son ɗaruruwa. Sun ce mata in babu hannun da zai yi, su suna da hoton, za su kai masana'anta inji ya buga. Ta ce tana ta ja musu rai, amma ba ta da ikon hana su, don aska takwas ba ta da takardar mallaka. In inji ya buga, ba sunan Sakwa, ba sunan Azare, kuma bayan shekara biyu a nan kasuwar za a sayar muku da ita a matsayin yayin Amurka. Tambayarta ɗaya ce: masu aikin hannu mutum nawa nake da su?

Cikin biyar ɗin da suka yi aikin farko, ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Damaturu. Shi ya sa da aka ce in karɓe ku na yarda, duk da ban saba koyar da taro ba. Ba zan ce muku wata uku ba. Wanda hannunsa ke da kyau, shekara biyu kafin in bar shi ya taɓa kayan mutane.

Ranar kasuwar da ta wuce Ba Modu ya zo, ya zauna a nan inda wannan yarinyar take. Ya ɗauki allura zai nuna mini wani sabon kewaye da ya ƙirƙiro. Ya kai zaren sau ɗaya, ya wuce. Ya lasa bakinsa ya sake kaiwa, ya wuce. A na uku sai ya miƙo mini ya ce, "Saka mini, Malam Haladu, shagon nan naka ba haske."

Rana tsaka ce, ƙofa a buɗe, taga a buɗe. Na karɓa na saka masa.

Ranar Laraba Anjila za ta sake kira, kuma har yanzu ban san adadin da zan gaya mata ba.